Yadda ake tsara shirin dogaro da kai a tattalin arziki: jagora ga ƙungiyoyi da masu tsara manufa a Gombe

Tun daga shekarun 1970 da wuya a sami gwamnatin da ta hau mulki a Najeriya ba ta yi alkawarin cewa ƙasar za ta ci abin da ta noma, ta kuma yi amfani da abin da ta ƙera ba. Gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ta Alhaji Shehu Shagari ta biyo da nata shirin bunƙasa noma a 1980, ta Janar Babangida ta hana shigo da shinkafa a 1985 da alkama a 1987, ta Muhammadu Buhari kuma ta rufe iyakokin tudu daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Mu mutanen Gombe da mu aka fara wannan tafiya, domin Gombe na cikin wurare uku na farko, tare da Funtuwa da Gusau, da aka kafa shirin raya aikin gona da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970. Duk da haka, har yau idan dala ta motsa a Legas sai farashin mudun hatsi ya motsa a Tudun Hatsi.

Na rubuta wannan jagora ne domin waɗanda nauyin tsara irin wannan shiri yake hawa kansu a kusa da mu: shugabannin ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa, ma'aikatan ma'aikatun gona da na ciniki, kansiloli da 'yan majalisar jiha. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, dogaro da kai aiki ne da ake yi a kan kaya ɗaya bayan ɗaya, ana bin kowanne tun daga iri har hannun mai saye, ana toshe inda yake yoyo. Shirin da bai ambaci sunan kayan da ake nufi, da wanda zai saya, da ranar da za a auna sakamako ba, jawabi ne kawai.

Ku fara daidaitawa a kan abin da kuke nema

Kafin a rubuta komai, wajibi ne waɗanda suka zauna su yarda a kan abin da suke bi, saboda akwai masu ɗaukar cewa ƙasa ba ta tsaya da ƙafarta ba sai ta daina sayen komai daga waje. An gwada wannan hanya, kuma sakamakonta a bayyane yake. Koriya ta Arewa ta yi shekaru tana alfahari da rufe ƙofarta, amma da Tarayyar Sobiyet ta rushe, man fetur da kayan noman da take samu da rahusa suka yanke, sai yunwa ta hallaka mutane masu ɗimbin yawa a shekarun 1990. Siri Lanka ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya a watan Afrilun 2021, noman shinkafa da na ganyen shayi suka faɗi, dole gwamnati ta janye dokar kafin shekarar ta ƙare.

Sakin jiki da kasuwar duniya shi ma yana da nasa haɗarin. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022, farashin alkama da na taki ya yi tashin da manomin Nafada da mai gidan burodi a Pantami suka ji a jikinsu, kuma a Yulin 2023 Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shinkafa, ta hana fitar da wani babban kaso na farar shinkafarta don ta kare mutanenta. Saboda haka ku rubuta buri biyu a saman takardarku. Na farko, abubuwan da jama'a ba za su iya haƙura da su ko na wata guda ba, musamman abinci da abin da ake noma shi da shi, a riƙa samar da mafi yawansu a gida. Na biyu, a sami abin da ake sayarwa waje wanda zai kawo kuɗin sayen injuna da magunguna da sauran abin da ba a kai ga ƙerawa ba tukuna.

Ku ɗauki littafi ku shiga kasuwa

Ba a ofis ake gano abin da gari yake dogara da shi ba. Ku tura mutum biyu ko uku su zauna a wani kantin kayan masarufi, a ce a Jekadafari, su bi kanta ɗaya bayan ɗaya suna juya kowace leda da kowane gwangwani. Za su ga an rubuta cewa a Najeriya aka yi taliyar, amma alkamar da aka yi ta da ita ta jirgin ruwa ta shigo. Sukarin a Legas aka tace shi, ɗanyensa kuwa mafi yawa daga Barazil yake zuwa. Madarar gari a nan aka ƙunsa ta cikin ƙananan ledoji, alhali a manyan buhuna aka kawo ta daga ƙetare, ga kuma garken shanu suna wucewa ta bayan gari. Tumatirin leda ma sau da yawa markaɗaɗɗe ne da aka shigo da shi cikin durom daga ƙasar Sin, aka sirka aka zuba a leda a nan.

Ku raba abin da kuka gani gida uku. Akwai abin da aka noma a nan aka kuma sarrafa a nan, irin su ƙuli-ƙuli da man gyaɗar mata da shinkafar da aka turara a gida. Akwai abin da tushensa gaba ɗaya na waje ne. Sai kuma na tsakiya, wanda a ganina shi ne ya fi cancantar hankalin jiha da ƙungiya, wato abin da muka noma da hannunmu, aka loda a mota aka kai wani wuri aka sarrafa, sannan aka dawo mana da shi da tsada. Masara da waken soya suna fita a buhu su dawo a matsayin abincin kaji. Shanu suna tafiya kudu a tsaye cikin tirela, suna rama a hanya, kuɗin fawa da na ƙirgi da na ƙashi duk su tsaya a can. Riɗi yana barin gonakinmu da ƙasa da tsakuwa a jikinsa, sai wani a wani gari ya tsaftace shi ya ci ribar. Wannan gida na tsakiya ba ya buƙatar a jira Abuja ta canza wata doka, kuma ba ya buƙatar a hana kowa komai.

Ku bi saiwar kowane kaya har ƙasa

A nan ne yawancin shirye-shirye suke ruɗin kansu, don haka zan daɗe a kai. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Gombe take cikin tsohuwar Jihar Bauchi, an buɗe manyan masana'antu biyu a jihar, dukansu da sunan rage dogaro da kayan waje. Ɗaya ita ce masana'antar Steyr da ke garin Bauchi, mai haɗa taraktoci da manyan motoci. Ɗaya kuma ita ce masana'antar siminti ta Ashaka da ke yankin Funakaye, wadda ta fara aiki a 1979. Ta Bauchi, kamar takwarorinta na haɗa motoci a Kaduna da Kano da Legas da Ibadan da Inugu, sassan da take haɗawa daga Turai ake kawo mafi yawansu cikin akwatuna. Da farashin ɗanyen mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 kuɗin waje ya yi ƙaranci, sannan darajar naira ta zube bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, sai akwatunan suka yi tsadar da ba a iya ɗauka, aiki ya riƙa ja baya. Ashaka kuwa dutsen farar ƙasar da take ƙonawa a ƙarƙashin ƙafarta yake, daga baya kuma ta koma amfani da gawayin ƙasa na Maiganga da ke Akko, kuma har yau tana fitar da siminti. Abin lura shi ne, kamfanonin waje ne suka daɗe suna riƙe da mafi yawan hannun jarin Ashaka, amma hakan bai hana ta tsayawa ba, domin abin da take ci a gida yake. Tambayar da ta fi muhimmanci ga kowace masana'anta ita ce, idan aka wayi gari babu dala, kwana nawa za ta ci gaba da aiki.

Ku yi wa gonarku irin wannan tambaya. Ku ɗauki kadada ɗaya ta shinkafar rani a Dadin Kowa, ku jera duk abin da aka kashe mata tun daga sharar gona har ɗinkin buhu, sannan ku sa alama a gaban duk abin da farashinsa yake bin dala. Takin yuriya a Najeriya ake yin sa da iskar gas, a masana'antar Indorama da ke Eleme da ta Dangote da ke Lekki, amma da yake ana fitar da shi waje, farashinsa a gida yana kallon na kasuwar duniya. Takin NPK a gida ake haɗa shi tun bayan shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016, wanda ya sa buhu a kan naira 5,500 a farkonsa, sai dai sinadarin fosfet da na fotash da ke cikinsa na waje ne. Maganin ciyawa da na ƙwari, da injin ban ruwa da kayan gyaransa, kusan duk shigo da su ake yi. Wannan ne ya sa da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemo darajarta a watan Yuni, shinkafar gida ta yi tsada tare da ta waje, jama'a suka riƙa zargin manomi alhali shi ma abin ya ci shi.

Idan kun gama wannan lissafi, aikinku na farko shi ne rage yawan alamomin. Ruwan da ya gangaro da kansa ta magudana daga madatsar Dadin Kowa ko ta Balanga ya fi ruwan injin fetur arha nesa ba kusa ba, don haka yashe magudana da kafa ƙungiyar masu amfani da ruwa mai karɓar kuɗin gyara ya fi rabon injuna amfani. Inda magudana ba ta kai ba, famfon hasken rana na waje ne shi ma, amma sau ɗaya ake biyan kuɗinsa. Juya masara da wake ko waken soya yana rage yawan yuriyar da gona take nema, kuma yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi, a ba da kara da harawa a karɓi taki, tsohuwar hanya ce da rikici ya raunana, wadda ya kamata masu unguwanni da arɗo-arɗo su farfaɗo da ita a rubuce. Irin shuka kuwa muna da masu samar da shi a gida: cibiyar bincike ta Samaru tana fitar da na masara da dawa da wake da gyaɗa da auduga, ta Badeggi tana da na shinkafa irin su FARO 44, ta Tafkin Chadi da ke Maiduguri kuma tana kula da alkama da gero.

Ku zaɓi ɗaya ko biyu, ku bar sauran

Ƙungiyar da ta ce za ta ɗauki shinkafa da alkama da tumatir da auduga da madara lokaci guda ba za ta kai ko ɗaya gaci ba. Ku zaɓi abin da ƙasarku take bayarwa ba da tilas ba, wanda manomanku suka riga suka iya, wanda kuma akwai mai sayensa a kusa. Alkama misali ce ta abin da ya kamata a yi taka-tsantsan da shi. Tana son sanyin hunturu, kwanakin sanyinmu kuwa kaɗan ne, shi ya sa duk da ana noma ta a fadamun Jama'are da wasu wurare, har yanzu fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ƙasar take ci daga waje take zuwa. Da aka hana shigo da ita a 1987, gonaki ba su iya cike giɓin ba, fulawa ta koma shigowa ta ɓarauniyar hanya, aka ɗage haramcin a 1992. A daidai wannan lokaci, a 1988, an hana shigo da tsiron sha'ir da kamfanonin lemon malt suke amfani da shi, sai suka koyi aiki da dawa, kuma har yau suna sayenta. Bambancin shi ne dawa tana nan jibge a Arewa tun kafin dokar. Ba ina cewa a daina noman alkama inda take yi ba ne, ina cewa kada a ɗora shirin jiha gaba ɗaya a kanta alhali ga wake da masara da dawa da riɗi da shinkafa.

Ku fara da mai saye, sannan ku koma gona

Tarihin auduga ya isa ya koya mana wannan. An kafa injin gurzar auduga a Gombe tun shekarun 1950, jirgin ƙasa ya iso garin a 1963, kuma auduga ce ta gina unguwanni da dama, saboda masaƙun Kaduna da Kano suna jiran ta. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, aka rasa mai tsayawa a kan ingancin iri da tantance daraja, daga baya kuma masaƙun suka riƙa rufewa saboda rashin wuta da atamfar fasa-ƙwauri, sai injinan gurza suka yi shiru, manoma suka koma masara da wake. Ƙasar ba ta daina ba da auduga ba, mai saye ne ya ɓace.

Saboda haka kafin ku raba ko mudu ɗaya na iri, ku nemi wanda zai saya, ku zauna da shi ku rubuta yarjejeniya. A faɗi nau'in irin da yake so, da yadda kayan za su bushe, da cewa a sikeli za a auna, domin buhu ba awo ba ne, wani ana ɗura masa har sai ya kusa fashewa. A faɗi ranar biya. Abin da aka fi mantawa, wanda kuma shi ne yake rusa yawancin yarjejeniyoyi, shi ne abin da za a yi idan farashin kasuwa ya haura wanda aka rubuta, ko ya faɗo ƙasa da shi. Idan ya haura, manomi zai zagaya ya sayar wa dillali da dare, idan ya faɗo kuma kamfani zai fara neman aibin kayan. Mafita ita ce a tsayar da farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, sannan a yarda cewa idan kasuwa ta hau za a bi farashin wata kasuwa da aka ambata da suna a ranar awo.

Batun jari ma a duba shi da idon basira. Mutanenmu sun san bada-kaka, inda manomi yake karɓar kuɗi kaɗan a tsakiyar damina lokacin da ya matsu, ya biya da buhunan da suka ninka kuɗin idan kaka ta yi. Shari'a ta tanadi cinikin salam, wanda a cikinsa mai saye yake biyan kuɗi gaba ɗaya tun farko a kan kaya sananne, awo sananne, zuwa lokaci sananne, kuma idan ƙungiya ce ta yi cinikin a madadin 'ya'yanta, a gaban malamai da shaidu, farashin yakan fi kusa da adalci fiye da idan manomi ya je shi kaɗai yana cikin matsi. Shirin bashin manoma da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya faɗaɗa noman shinkafa, amma kaso mai yawa na bashin bai dawo ba, saboda a wurare da dama kayan noma sun iso a makare, an sa sunayen waɗanda ba su da gona, wasu kuma sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa. Ku tantance mambobinku a bakin gonarsu, ku haɗa su rukuni-rukuni na mutanen da suka san juna, kowane rukuni ya tsaya wa bashin ɗan cikinsa.

Kada ku yi gaggawar sayen babban inji. Kilo 100 na shanshera yana ba da kimanin kilo 60 zuwa 65 na gyararriyar shinkafa, kuma injin yana son abin ci shekara gaba ɗaya, don haka ku lissafa kadada nawa za su ciyar da shi da kuɗin da za a sayi shanshera a ajiye tun da kaka. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa a Kano, wadda aka buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir, ga kuma tsutsar da ta cinye gonaki a shekarar da aka buɗe ta. Ana buƙatar wajen kilo 6 na ɗanyen tumatir kafin a sami kilo ɗaya na markaɗaɗɗe mai kauri. Idan mai jari irin wannan ya gamu da haka, ƙaramar ƙungiya sai ta fara daga inda ƙarfinta ya kai.

Inda ƙarfinta ya kai kuwa yana da yawa. Duk wanda ya bi hanyar Biu ta Kwadon lokacin da tumatirin rani ya cika kasuwa ya ga kwanduna jere a bakin titi, an rufe bakinsu da ganye, zuwa la'asar ruwa ya fara ɗiga ta ƙasansu, mai kaya kuma yana karɓar duk abin da aka taya don kada ya kwana da shi. Bayan 'yan watanni, da damina ta kankama, kwandon nan sai mai hali. Kauɗa ita ce amsar da iyayenmu suka bayar, matsalarta kawai a ƙasa ake shanya ta, ƙura da yashi su shiga. Gadon shanya da aka ɗaga daga ƙasa, da raga a kai, da leda mai tsafta ta ƙunshewa, suna mayar da ita kayan da za a iya kaiwa kanti a Abuja. Haka wake: Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari irin na fiya-fiya da ake zuba masa, alhali buhu mai leda biyu a ciki, idan aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban, yana kashe ƙwarin ba tare da magani ba. Ku sa mata masu turara shinkafa da masu matsar mai a tsakiyar shirin, da kujera a kwamiti, domin su ne masana'antar da ta riga ta tsaya da ƙafarta.

Abin da za ku nema daga gwamnati

Harajin kwastan da hana shigo da kaya da manufar kuɗin waje duk a hannun gwamnatin tarayya suke, kuma idan za ku nemi kariya ta bakin wakilanku, ku neme ta da sharaɗi da wa'adi. Kariya kamar shingen ƙaya ce da ake yi wa dashen bishiya don kada awaki su cinye shi, kuma ana yin ta ne da niyyar cirewa idan dashen ya yi ƙarfi. Manufar siminti ta 2002 ta yi aiki ne saboda an ba da izinin shigo da siminti ga waɗanda suka nuna suna gina masana'anta a gida kawai, kuma cikin shekaru ƙasar ta tashi daga mai sayen mafi yawan simintinta zuwa mai yin abin da ya ishe ta. Sai dai kamfanonin kaɗan ne, kuma mai gina ɗaki biyu a Bolari bai ga sauƙin da ya yi tsammani ba, wanda ke nuna cewa kariyar da ba a haɗa ta da gasa ba talaka ne yake biyan kuɗinta. Koriya ta Kudu ta kare kamfanoninta, amma ta ɗaura tallafin a kan yawan abin da suka iya sayarwa a kasuwannin waje, wanda ya kasa kuma a janye masa.

Abu na biyu da za ku nema shi ne tabbas. A Yunin 2015 Babban Banki ya hana kayayyaki 41 samun dala daga hannunsa, har da shinkafa, a Oktoban 2023 aka janye wannan hani, a Yulin 2024 kuma aka sanar da dakatar da harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150. Akwai hujja a kan sauƙaƙa wa mai jin yunwa, kuma ba na raina ta. Amma manomin da ya sayi taki da tsada bisa wata doka, ya zo girbi ya tarar da wata, shekara mai zuwa zai rage gonarsa. Ku nemi a riƙa sanar da duk wani canji kafin shuka, a kuma faɗi farashin da idan abinci ya kai shi za a buɗe ƙofa, domin kowa ya yi lissafinsa da ido buɗe.

Jiha tana da nata ikon, kuma ya fi yadda ake zato. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, don haka takardar mallaka da manomi ko mai ƙaramin inji zai kai banki daga jiha take fitowa. Hanyoyin karkara nata ne, haka ma ikon rage shingayen da ake tsayar da motar hatsi ana karɓar kuɗi da rasit iri-iri. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, ga tashar ruwa ta Dadin Kowa mai megawat 40, ga kuma dandalin masana'antun da jiha ta kafa kusa da ita, saboda haka ku nemi a ware wa ƙananan masu sarrafa amfanin gona wuri da wuta a ciki. Sannan gwamnati babbar mai saye ce: abincin makarantun kwana da na asibitoci, da kayan makaranta, da kujerun aji, duk ana iya sayensu daga ƙungiyoyin cikin jiha, muddin za a biya cikin wa'adin da aka rubuta, domin ƙaramin mai sana'a da aka riƙe wa kuɗi wata shida ya karye. Man Kolmani da aka ƙaddamar da aikinsa a Nuwamban 2022 a kan iyakarmu da Bauchi, shawarata ita ce kada ya shiga lissafinku ko kaɗan har sai an ga kuɗinsa a asusu, domin jiran kuɗin mai ne ya sa aka yi sakaci da gyaɗa da auduga tun farko.

Kada kuma ku nemi a hana fitar da hatsi daga jiha ko a kori baƙin 'yan kasuwa. Masu zuwa daga kudu da Nijar da Chadi da Kamaru su ne suke ɗaga farashin da manomi yake samu, kuma Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Yamai a Yulin 2019. Idan ana tsoron yunwa, maganinta rumbun ajiya ne na jiha ko na ƙungiya, a saya da kaka lokacin da farashi ya faɗi, a fitar a tsakiyar damina.

Ku ajiye littafin awo

Tun ranar farko ku naɗa mutum ɗaya amintacce, wanda ba ma'aji ba ne kuma ba shugaba ba, ya riƙe littafi. A kowace kaka ya rubuta buhu nawa kadada ta bayar, nawa aka kashe kafin a sami buhu ɗaya, kashi nawa na wannan kuɗi ya bi dala, buhu nawa aka sarrafa a cikin jiha kafin su fita, nawa suka lalace a ajiya, da kuma nawa ne bashin da ya dawo. Ya ƙara da farashin da mai saye na ƙarshe ya biya, a kwatanta da na irinsa na waje, domin idan giɓin da ke tsakaninsu ba ya raguwa, to shirin yana rayuwa ne a kan aljihun masu saye. A karanta littafin da babbar murya a taron mambobi bayan girbi, maza da mata suna ji, a kuma rubuta tun yanzu cewa idan kaka uku suka wuce a jere kuɗin samar da buhu bai sauka ba, kwamiti zai dawo gaban taron da ɗayan biyu: ko ya nuna takamaiman wurin da aikin ya tsaya da abin da gyaransa zai ci, ko ya kawo sunan wani kayan da za a mayar da jarin a kansa kafin shukar gaba.